Tukunyar da Ta Faɗa Rafi

Azariya ba mai yawan magana ba ne. In ka same shi a ƙofar majami'a ranar Lahadi, zai ɗaga maka hannu ya ce sannu, hira ta ƙare ke nan. A Tudun Dorawa aka haife shi, wani ƙauye a gefen hanyar Kafanchan zuwa Madakiya, kuma ban da shekarun da ya yi yana gyaran layin dogo, bai taɓa yin nisa da garin ba. Lokacin da jirgin ƙasa ke da rai a Kafanchan, yana cikin masu bin layi da guduma da shebur, suna ɗaure ƙusa suna tura tsakuwa ƙarƙashin ƙarfe. Da harkar jirgi ta yi sanyi aka sallame su, ya dawo da gudumarsa gida, ya koma noman citta da acca. Karatu kaɗan ya yi. Yakan karanta Littafi Mai Tsarki a hankali, yatsa a kan layi, leɓe na motsi.

Amma abin da gari ya san shi da shi, ɗaukar yara ne a wuya.

A bayan gari akwai rafi. Ya zo wani wuri ya rabu biyu, ya sake haɗewa a gaba, ya bar tsibiri a tsakani, mai itatuwan mangwaro da farin yashi da wani shimfiɗaɗɗen dutse da yara ke sulɓi a kai. Tsakiyar Ruwa ake ce masa. Tun zamanin iyaye, kashegarin Kirsimeti ranar yara ce a wurin. 'Yan makarantar Lahadi su jeru daga majami'a suna waƙa, mata na biye da tukwane a ka, a haye, a ci, a yi rawa, a yi tsere a yashi, rana na sunkuyawa a dawo. Babu gada a lokacin. Ruwan Disamba bai wuce gwiwar babba ba, amma ga ɗan shekara huɗu wannan teku ne. Sai maza su ɗora ƙanana a wuya su haye da su. Azariya ya fara wannan aiki yana saurayi, bai daina ba har furfura ta cika masa kai. Babu wani babba a garin yau da bai taɓa riƙe kunnuwan Azariya a tsakiyar rafin nan ba.

Matarsa Miriyam ita ke da babbar tukunya. Baƙar tukunyar ƙarfe ce mai kunnuwa biyu, wadda ta saya a kasuwar Kafanchan shekarar da aka haifi ɗansu Nelson. Ita ke dafa shinkafar yara, ita ke shiga gaba da ita a ka, ba ta ko riƙewa. Mace ce mai fara'a da murya. A Zumuntar Mata, ƙungiyar matan majami'a, ita ke ɗaga waƙa sauran su amsa.

To, tsibirin yana da mai shi. Na gidan su Ishmael ne, wannan babu gardama. Mahaifinsa ne ya bar wa yara shi, ya ce shi ba zai noma yashi ba. Ishmael kuwa tun yana yaro aka kai shi birni, ya yi karatu, ya shiga kwangila a Abuja, ya yi jiki. Da tsohon ya rasu ya dawo da magina. Ya yi gadar katako siririya mai ƙofar ƙarfe, ya gina ɗakunan kwana da rumfar shaye-shaye, ya kawo janareto da lasifika waɗanda suka fi mutum tsawo. Ya rubuta wa wurin wani suna a allo, amma har yau babu mai kiransa da shi.

Da aka ga gada sai mutane suka yi murna, suka ce ƙashin bayan Azariya ya huta. Ba wanda ya yi tunanin tambaya.

Kashegarin Kirsimeti na shekarar nan yara suka jeru kamar kullum. Miriyam na gaba da tukunya, ƙawarta Emilia na bayanta da miya. Suka iske ƙofar a rufe, da mai gadi. Ishmael ya fito daga ciki, kwalba a hannu, baƙinsa na Abuja na biye da shi.

"Baba Azariya, ina za ku da wannan garke?"

"Ranar yara ce, ɗana."

"Ranar yara ta ƙare, Baba. Nan yanzu wurin manya ne. Ku je filin firamare."

Miriyam ta yi dariya, don ta ɗauka wasa yake. Ta ce, "Ishmael, ni da na share maka majina a kan dutsen can? Buɗe mana, abinci na hucewa." Ta sa ƙafa a kan gada ta tura ƙofar. Ishmael ya yi wa mai gadi ido, mai gadi ya turo ƙofar da ƙarfi. Ta bugi Miriyam a kafaɗa. Tukunya ta tashi daga kanta, ta bugi dutse, ta kife a ruwa. Shinkafar yaran gari duka ta bi rafi, fara fat a kan ruwa.

Sai Ishmael ya leƙa ƙasa ya ce, "To, kifaye ma sun ci Kirsimeti."

Baƙin suka fashe da dariya. Miriyam ta juya. Ta gangara, ta shiga ruwan da zanen bikinta, ta jawo tukunyar, ta fito zane na manne mata a jiki, yara na kallo, baƙi na kallo. Gefen tukunyar ya lotsa, lotsawar da za ka iya sa dunƙulen hannu a ciki. Azariya na tsaye da wata ƙaramar yarinya a wuya. Bai iya sauke ta ba, bai iya yin kome ba. Wannan tsayuwar ce ta fi ci masa rai daga baya.

Daga ranar Miriyam ba ta sake ɗaga waƙa ba. Takan je Zumunta ta zauna a baya. Abu ɗaya ta roƙi mijinta: kada ya gaya wa Nelson. Nelson na aiki a Abuja, mai zafin zuciya ne, ta ce ba ta so ya zo ya yi abin da zai kai shi ɗaurin kurkuku saboda shinkafa. Azariya ya yi mata alkawari. Damina biyu bayan haka ciwon ciki ya ɗauke ta. Ba ƙofar ce ta kashe ta ba, Azariya ya san haka, likita ma ya faɗa. Amma ya san matar da ya binne ba ita ce wadda ta sa ƙafa a kan gadar nan ba.

Ranar jana'iza Fasto ya yi wa'azi a kan gafara. Azariya ya saurara har ƙarshe, ya dawo gida, ya wanke tukunyar, ya rataye ta a bangon ɗakinsa, lotsatsen gefen na kallon gado. Wani maƙeri ya ce ya kawo ya buge masa ita ta miƙe. Ya ce a'a, haka yake son ta. A cikin addu'ar Ubangiji, in an zo wurin gafarta wa masu yi mana laifi, sai ya yi tari ya wuce.

Ya fara ramuwa da abin da yake da shi. A ƙasarmu Disamba watan dawowa gida ne. 'Yan gari da ke Kaduna da Abuja da Legas su cika ƙauye da motoci da yaran da ba su jin yaren gida, kuma kwana biyu yaran sun fara kuka wai sun gaji da zama. Iyaye mata sai su zo wurin Azariya, tunda shi ya san yara, su ce Baba ina za mu kai su. Yakan gaya musu dalla-dalla. Waƙoƙin Kirsimeti a majami'a da yamma, inda ake ba yara kyandir. Ƙwallon ƙauyuka, amma a zauna nesa da magoya bayan Madakiya. Ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse da safe, a riƙe hannun yaro, duwatsun na da santsi. Ranar sabuwar shekara a je Kagoro kallon bikin Afan, a tafi da wuri a dawo da wuri, kafin masu sha su karɓe hanya. In rawar gargajiya ce, yakan ce a duba ko tsofaffin mata na zaune a wurin. In suna nan, a saki yara. In babu su, a juya.

"Tsakiyar Ruwa fa, Baba? An ce an gyara wurin."

"An gyara," in ji shi. "Ni dai ban taka ba." Sai ya yi shiru irin shirun da uwa ke fahimta.

Shekara da shekaru yana haka. Ya hana Ishmael iyalai da yawa, amma wannan bai kashe masa ƙishi ba. Ishmael na nan yana shiga gari da mota, yana ɗaga masa hannu ta taga kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya manta. Mantuwar ta fi zagin ciwo.

Ana nan sai sababbin wuraren shaƙatawa suka buɗe a cikin Kafanchan, samari suka koma can, ɗakunan Ishmael suka zama na ƙadangaru. Sai ya canza waƙa. Ya sayo lilo, ya yi fenti, ya baza labari cewa tsibirin wurin hutun iyali ne: da rana na yara, da yamma kiɗa mai tsabta. Kiɗan yamman dai shi ne na da, da kwalaben, da 'yan matan.

Farkon wani Disamba Nelson ya bugo waya. Ya ce za su yi Kirsimeti a Kagarko wurin dangin matarsa Doreen, kashegari su iso gida da yara, Clara da Jason. Ya ɗan yi jinkiri, ya ƙara da cewa sun kama ɗaki a tsibiri, saboda akwai wuta da ruwan famfo, yaran ba su saba ba.

Azariya ya dubi bango. Jikokin Miriyam, a ƙarƙashin rufin Ishmael, kuma a wannan ranar.

"To," ya ce.

Doreen ta karɓi wayar. Malamar makaranta ce, mai tsara kome tun da wuri. "Baba, an ce kai ne ka san inda ake kai yara. Na ji na rana. Da yamma fa? Ba na son su ga abin da bai kamata ba. Mai wurin ya ce kiɗansa na iyali ne."

Azariya ya gyara riƙon wayar.

"Ina ji, 'yata. Abu ɗaya za ki tambaye shi. Wurin da yara za su kwana, Zumunta ta taɓa zuwa ta yi masa addu'a?"

Doreen ta ce wallahi ba ta yi wannan tunanin ba. Tana cikin ƙungiyar matan gari mazauna Abuja, masu hira ta waya. Ta jefa tambayar a can. Kafin mako ya ƙare, duk matar da ta kama ɗaki ta bugo wa Ishmael da tambaya ɗaya.

Ishmael ya je wurin Emilia, wadda yanzu ita ce Mama Zumunta, wato shugabar matan. Ta karɓe shi da ruwa da kujera. Ya ce yana so a zo a yi addu'a, da safe, wata rana kafin biki. Emilia ta ce kafin biki suna koyon waƙa, ranar biki suna sujada, kashegari da safe suna dubiyar marasa lafiya. Sai dai ranar da yamma, in rana ta yi sanyi.

"Mama, wannan ce babbar yammata. Na ɗauko mawaƙi daga Jos."

"To a bari sai Janairu."

Ishmael ya yi lissafinsa. A birni ya ga yadda ake yi: mata goma su zo, waƙa biyu, addu'a, a ba su lemon kwalba, su tafi. Kuma matan Abuja za su gani da idonsu. Ya yarda. Don abin ya yi armashi, ranar Lahadi ya miƙe a majami'a cikin farar riga ya ce yana gayyatar Zumuntar Mata, duk inda take, ƙofarsa a buɗe.

Abin da Ishmael bai sani ba, don bai girma a nan ba, abu biyu ne. A wajenmu, in Zumunta ta zo yi wa gida addu'a, duk reshen da ya halarta sai ya yi nasa waƙoƙin, ba a katse shi, ba a ce masa ya gaggauta. Na biyu, duk wanda aka tarar a gidan, mai gida ne ko baƙo, sai ya durƙusa a tsakiya an kira sunansa an miƙa shi ga Allah, da damuwarsa da rauninsa yadda matan suka san su. Matan kuwa sun san kome. Mai gida shi ne na ƙarshe.

Litinin da asuba Azariya ya sa takalmin robarsa. Ya tsaya gidan Emilia ya ce, "Mama, yaron nan ya ce duk inda Zumunta take. Ko in kai saƙo?"

Emilia ta dube shi. Ita ce ta riƙe miyar a ranar can. Ta ce, "Saƙon Allah ai ba a riƙe shi, Baba."

Ya bi ƙauyuka. Wani wuri a ƙafa, wani a bayan babur. Ya je Madakiya, ya je Zonkwa, ya shiga rassan da ke cikin Kafanchan. Ko'ina kalma ɗaya yake faɗa, ba ƙari: Ishmael na Tudun Dorawa ya gayyaci Zumunta. A wurare da yawa ya tarar sun san Miriyam daga taron shekara, sun kuma san labarin tukunya. Ba a yi maganar ba. Sai dai wata tsohuwa a Zonkwa ta ce, "Za mu zo da sababbin waƙoƙi, Baba. Masu tsawo."

Ranar ta zo. Tun da rana Azariya ya sauke tukunyar daga bango, ya hura wuta a tsakar gida, ya dafa shinkafa da hannunsa. Bai iya ba. Ƙasan ta kama, saman ta yi ruwa. Ya rufe, ya lulluɓe da buhu, ya ɗora a baro ya tura har bakin rafi. Ya sami dutse a wannan gaɓar, daura da gada, ya zauna. Rafin siriri ne, kome na tsibirin a idonsa yake.

Ya ga Nelson da iyalinsa sun haye da jakunkuna. Clara ta hango shi ta ɗaga hannu, ya ɗaga mata. Ya ga mutanen yamma sun fara taruwa a rumfa tun kafin rana ta faɗi, mawaƙin Jos na gwada lasifika.

Sai ga matan Tudun Dorawa, zane iri ɗaya, fararen ɗankwali, da tukwanen kiɗa da caki. Ishmael ya tarbe su a gada da fara'a, ya ba su lasifikar ma da kansa. Suna cikin waƙa ta biyu bas ta tsaya, matan Madakiya suka sauko. Kafin su gama hayewa ga wata. Ga kuma wata a bayanta. Gadar mutum ɗaya take ɗauka a jere, kuma ta cika da fararen ɗankwali daga wannan baki zuwa wancan. Mai son fita ba hanya. Masu zuwa shan yamma kuwa, in mota ta kawo kwana direba ya hango zanen Zumunta, sai ka ga ta juya a hankali kamar ta yi ɓatan hanya. Yaran gari sun biyo iyayensu mata, mai gadi ya tare su, suka taru a bayan Azariya suna leƙe.

Da reshe na uku ya gama, Emilia ta karɓi lasifika ta ce za a fara miƙa mutanen gida. Aka shimfiɗa tabarma a tsakiya. Matan suka bazu cikin rumfa suna kamo hannun mutane cikin ladabi.

Na farko da aka fito da shi Malam Martins ne, tsohon hedimasta, wanda ya gaya wa matarsa ya tafi Zonkwa gaisuwar mutuwa. A bayan mangwaro aka same shi, kwalba a ƙarƙashin hula. Matarsa ce ke buga babbar tukunyar kiɗa.

"Malam, ashe nan ne Zonkwa," in ji ta. "Wa ya mutu?"

"Hanya ce ta biyo da ni, Mama."

"Ta cikin ruwa? Durƙusa."

Emilia ta miƙa shi ga Ubangiji da sunansa da na mahaifiyarsa. Ta roƙi Allah ya warkar masa da ƙishin da ruwa ba ya kashewa, ya kuma gyara masa ido ya riƙa gane hanyar Zonkwa. Mata ɗari suka ce amin, har tsuntsaye suka tashi daga mangwaro. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan matan da aka kama, tsofaffi suka yafa musu mayafi tukuna. Mawaƙin Jos ma ya durƙusa, da tabarau da sarƙarsa.

Azariya bai yi dariya ba. Yana jira.

Duhu ya fara sauka, aka kunna fitilu, sai ga Ishmael ya kutso ta cikin matan ya hayo. Farar rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya tsaya a kan tsohon.

"Baba, wannan aikinka ne."

"Saƙonka na kai."

"Saura rassa nawa?"

"Na Zonkwa ba su fara ba. Sun ce nasu masu tsawo ne."

"Ka ce su tashi. Ka kashe mini kasuwa, bai isa ba?"

"Ni namiji ne, ɗana. Ba ni da baki a Zumunta."

Ishmael ya share fuska. Ya rage murya. "Me na yi maka ne, Baba? Me kake so?"

Azariya ya janye buhun. Hasken gada ya sauka a kan lotsatsen gefen. Ishmael ya duba, ya sake dubawa, Azariya ya ga lokacin da abin ya dawo wa Ishmael. Wannan lokacin ya daɗe yana jira, ya kuwa kalle shi sosai, bai ƙifta ba.

"Abincin yara ne," in ji Azariya. "Ya makara. Ka haye da shi."

"Bari in kira mai gadi."

"A kanka. Haka ake kai shi."

Ishmael ya waiwaya tsibirin. Matan Abuja na tsaye da yaransu suna kallo, reshen Zonkwa na gyara tukwanen kiɗa. Ya sunkuya. Azariya bai taya shi ba. Ishmael ya ɗaga da ƙyar, ba gammo, baƙin gindin tukunya ya zauna masa a kai, ruwan shinkafa na tsiyaya a wuyan rigar. Matan da ke gada suka manne gefe suka ba shi hanya, kiɗa ya tsaya. Ba a jin kome sai ƙarar katako a ƙarƙashin takalminsa. Da ya iso ƙofar ƙarfe, mai gadi ya rasa abin yi, sai ya wangale ta. Yaran gari suka bi bayan tukunya a jere, kamar an koya musu.

Ishmael ya sauke ta a gaban Emilia ya raɗa mata wani abu. Ta gyaɗa kai. Ta sanar cewa 'yan'uwa na Zonkwa sun yarda su bar waƙoƙinsu sai wata shekara. Ishmael ya saki numfashi, ya juya zai tafi.

"Saura mai gida," in ji Emilia, ta nuna tabarma.

Ba ta ɗaga murya ba, lasifikar Ishmael ce ta ɗaga mata. Ta ce ya Uba, ga ɗanka Ishmael, wanda bawanka Azariya ya ɗauka a wuya a rafin nan. Ta gaya wa Allah ranar, da ƙofar, da kafaɗar Miriyam, da zanen da ya jiƙe, da maganar kifaye kalma kalma. Ta ce baiwarka ba ta sake waƙa ba har ka kira ta. Ta roƙi Allah ya gafarta masa, tunda shi Allah mai iyawa ne.

Amin ɗin bai yi ƙarfi ba. Wasu na kuka.

Azariya ya hango Nelson a gefen rumfa, ya sandare. Ya ga ya yunƙura wajen tabarma, Doreen ta riƙe masa hannu da hannu biyu, tana masa magana a kunne. Can sai ya juya ya shiga ɗaki. Ba a daɗe ba ya fito da jakunkuna. Wasu iyalan ma suka bi sahu.

Da suka hayo, Nelson ya tsaya a gaban mahaifinsa.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ta ce kada in gaya maka. Ban gaya maka ba."

Doreen ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce, "Baba, ka san amsar tun ranar da na tambaye ka."

"Ke kika tambayi inda za a kai yara da yamma. Kin ga tsofaffin mata a zaune, ko ba ki gani ba?"

Jason ya ja masa riga ya ce shinkafar ta ƙone amma ya ci. Azariya ya tsuguna, yaron ya hau wuya ya riƙe kunnuwa ba tare da an nuna masa ba. Suka nufi gida. A tabarma yaran suka kwana, a ɗakin kakarsu, da fitilar ƙwai, ba wanda ya yi kukan ruwan famfo.

Kiɗan yamma bai sake tashi a tsibirin ba, don babu magidancin da zai yarda a gan shi a gadar nan. Ishmael ya bar ɗakunan ga masu taron ikilisiya da masu biki. Kashegarin Kirsimeti kuma ƙofar a buɗe take wuni, yara na hayewa. Azariya na raka su har bakin gada ya zauna a dutsensa. Bai taɓa taka katakon ba.

Mako guda bayan abin, Ishmael ya zo gidan da kansa, ba mota. Ya kawo tukunyar. Ya kai ta wurin maƙeri an buge ta, an goge, ta miƙe sumul kamar sabuwa. Ya ajiye a ƙofa ya ce, "Baba, a yi haƙuri."

Azariya ya ce, "Na ji. Ka gai da gida."

Da ya tafi, tsohon ya juya tukunyar a hannu har ya gano wurin. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gudumarsa ta layin dogo. Ya kwantar da tukunyar a kan dutsen niƙa, ya auna, ya buga sau ɗaya. Ya sa dunƙulen hannu a ciki ya ga ya zauna daidai. Sa'an nan ya mayar da ita bango, gefen na kallon gado.